Inda Ido Bai San Kima Ba

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Karin magana ce ta mutanen da suka daɗe suna cin kasuwa, kuma yarda da kan da ke cikinta ba ta banza ba ce. Matar da ta je awon gero takan cusa hannu can cikin buhu, ta damƙo na ƙasa, ta murza, ta hura, ta ga ko an haɗa da tsakuwa ko ƙaiƙayi. Mai sayen akuya yakan buɗe bakinta ya duba haƙora. Mai sayen nono da ya kurɓa sau ɗaya ya san ko an surka shi da ruwa. A irin wannan ciniki mai saye yana riƙe da makaminsa, kuma ko an cuce shi, sau ɗaya ne: gobe ya sauya rumfa, jibi ya ɓata sunan macucin a unguwa.

Harshen kansa ya tanadi suna ga kowace irin cuta ta kasuwa, kuma ya kamata ɗalibi ya rarrabe su. Tauye mudu shi ne rage awo. Algus, kalmar da aka aro daga Larabci, shi ne cuɗanya mai kyau da maras kyau, ko ɓoye aibin haja. Jabu kuwa abu ne da aka ƙera don ya yi kama da na gaske alhali ba shi ba ne, kuma masana harshe suna danganta kalmar da sunan Ijabu ta ƙasar Yarabawa, inda aka yi yayin ƙera sulallan ƙarya a zamanin Turawa. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa cikin tarin, yatsunsa suka taɓo danshi a ƙasa, ya kuwa tsawata wa mutumin a kan ɓoye jiƙaƙƙe ƙarƙashin busasshe. Abin lura a labarin shi ne hannu kaɗai ya isa ya tona asirin.

To, akwai hajar da hannu ba ya tona asirinta. Ƙwayar maganin zazzaɓi fara ce, ƙwayar da aka murza da alli da garin sitaci ita ma fara ce. Kwalbar allura mai magani da wadda aka ɗura wa ruwan famfo, in an ajiye su gefe da gefe, ko likitan da ya shekara talatin yana aiki ba zai rantse a kan ɗaya ba. Nan ido bai san kima ba, harshe ma bai sani ba. Daɗin daɗawa, cutar da aka sayi maganin dominta ita ce ke rufa wa macucin asiri. In maras lafiya bai warke ba, sai a ce ciwon ne ya yi ƙarfi, a koma wurin mai maganin nan a ƙaro wani, a sayar da tunkiya a sake ƙarowa. In ya mutu, a ce kwana ya ƙare. Babu wanda zai koma rumfa ya yi cacar baki, domin babu wanda ya san an yi masa komai. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma talaka ne ya fi biyansa, sau biyu ko sau uku, kafin ya biya da ran ɗansa.

Mutanen Nijar sun ɗanɗana wannan a 1995, lokacin da annobar sanƙarau ta mamaye ƙasar. Maƙwabciya Najeriya ta aiko da gudummawar allurar rigakafi guda 88,000, ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka fara tsarguwa, ganin garin da ke cikin kwalaben ba ya narkewa yadda aka saba, har ana ganin wasu baƙaƙen zaruruwa a ciki. Da aka tuntuɓi kamfanonin da sunansu ke jikin kwalaben, sai suka ce ba nasu ba ne: an kwaikwayi tambarinsu ne, kuma babu sinadarin rigakafi a ciki. Kafin a gano haka an riga an yi wa mutum fiye da 50,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum 2,500 da wannan al'amari. Waɗannan mutane sun yi duk abin da ake roƙon talaka ya yi. Sun fito, sun bi layi cikin rana, sun miƙa damtse, sun koma gida da natsuwar cewa sun tsira.

Shekara shida bayan wannan, a watan Afrilu na 2001, aka naɗa wata mata mai suna Dora Akunyili shugabar NAFDAC, hukumar da ke kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya. An haife ta a Makurɗi a 1954, asalinta ƴar jihar Anambra ce, ta karanta ilmin haɗa magunguna a jami'ar Nsukka, ta kuma koyar a can. Abu biyu aka fi ba da labari game da rayuwarta kafin wannan muƙami. Na farko, a 1988 ƙanwarta mai ciwon suga ta rasu bayan an yi ta yi mata allurar insulin ta jabu. Yayar tana da digirin digirgir a fannin magani, amma ilminta bai hana ba, domin ita ma da ido take kallon kwalbar. Na biyu, sa'ad da take aiki a hukumar PTF ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari, an ba ta kuɗin zuwa ƙasar waje don a yi mata tiyata. Likitocin can suka duba suka ce ba ta bukatar tiyatar, sai ta dawo ta mayar da kuɗin. A wurin da mayar da kuɗin gwamnati ya zama abin al'ajabi, labarin ya yi ta yawo har ya kai kunnen Shugaba Olusegun Obasanjo.

Abin da ta tarar ba ƙarami ba ne. A shekarar da ta kama aiki, wata mujallar likitanci ta Ingila mai suna Lancet ta buga sakamakon binciken da aka yi a kantunan magani 35 na Legas da Abuja: cikin samfuri 581 da aka gwada, kashi 48 cikin ɗari ba su cika ƙa'ida ba. Kantuna ne masu rajista a manyan birane, ba tiren mai talla a tashar mota ba. Kuma matsalar ba iri ɗaya ba ce. Akwai ƙwayar da babu magani a cikinta sam. Akwai wadda aka sa mata kaɗan, daidai yadda za ta yi ɗaci a baki, kuma wannan ta fi muni ta wata fuska, domin ƙwayoyin cutar da aka ba guntun magani ba sa mutuwa, sabawa suke yi, har ranar da na gaske zai zo ya kasa. Akwai wadda lokacinta ya wuce aka sake mata kwali da sabon kwanan wata. Akwai kuma ta gaske wadda zafin rana ya kashe a rumfar kwano. A lokacin wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, har da Gana, sun toshe ƙofa ga maganin da aka yi a Najeriya, wato masu masana'antar gaskiya su ma asara suke yi.

Ta fara ne daga cikin gida, ta sallami ma'aikatan da aka kama da cin hanci, domin mai gadin da ɓarawo ke ciyarwa ba gadi yake ba. Daga nan aka taƙaita hanyar shigo da magani zuwa ƙofa huɗu: tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Kalaba, da filayen jiragen sama na Legas da Kano. Aka ɗauki masu gwaji a Indiya da Sin don su duba kaya tun kafin a loda su, aka haramta wa kamfanoni da dama na waɗannan ƙasashe sayar da komai a Najeriya. Aka riƙa tara jabun da aka kama ana cinna masa wuta a bainar jama'a, gaban ƴan jarida. Sai kuma manyan kasuwannin da ƴan sari ke ɗibar kaya: an rufe ta Aba a 2002, ta Kano a 2004, ta Anaca a 2007. Duk mai sanin hanyar fatauci ya san abin da rufe kasuwar magani ta Sabon Gari ke nufi, domin kwalin da aka ɗaure a can ba a Kano yake kwana ba. Yana bin motocin Maraɗi da Damagaram, wani ya gangara Garwa, wani ya nufi Chadi.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ranar 26 ga Disamba 2003, tana kan hanyar zuwa Agulu, garin mijinta, ƴan bindiga suka buɗe wa motarta wuta. Harsashi ya huda ɗankwalinta ya ƙuje fatar kanta, wani kuma ya sami direban wata motar haya da ke kusa, ya kashe shi. A watan Maris na 2004 gobara ta cinye ofishin hukumar a Legas, bayan kwanaki kaɗan ta cinye ɗakin gwajinta na Kaduna. Masu wannan sana'a sun san inda ƙarfin hukumar yake. Ba su damu da jawabi ba, ɗakin gwaji suke tsoro, domin shi ne hannun da ke shiga ƙarƙashin tari ya taɓo danshi. Dokar da take aiki da ita kuwa ba ta taimaka mata sosai ba: hukuncin mai jabun magani ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ne, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, kuɗin da mai kwantena ɗaya zai zaro daga aljihu ya biya yana murmushi. Ta sha kokawa a kan haka.

Ana yawan tuna ta da wutar da ta cinna wa kwalaye da harsashin da ya kuskure ta, amma aikinta mafi wayo ba shi da armashin kallo. Ta lura cewa hukuma ba za ta iya tsayawa a bakin kowane kemis ba, saboda haka ta nemi abin da za ta ba idon mai saye ya kama. Abin nan shi ne lambar rajista. Aka cika rediyo da talabijin da sanarwa cikin Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka: a duba lambar NAFDAC, a duba ranar da magani zai lalace. Aka kafa ƙungiyoyi a makarantun sakandare, aka sa gasar rubutu, yara suka koma gida suna juya kwalin maganin iyayensu suna neman lamba. Har mai sayen ruwan leda a bakin titi ya koyi juya leda. Tsohuwar da ba ta karatun boko tana iya miƙa wa jikanta kwali ta ce ya duba mata. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, domin ya mayar wa mai saye wani yanki na ikon da ya rasa tun ranar da ya bar saiwa da sassaƙen da ya sani ya koma ƙwayar da bai sani ba. Bisa lissafin hukumar, jabun da ke yawo ya sauka daga kashi 41 cikin ɗari a 2001 zuwa kusan kashi 16 a 2006. Alƙaluman hukuma ne a kan aikin kanta, kuma mai hankali zai karɓe su da taka-tsantsan, amma ƙasashen da suka toshe ƙofa sun buɗe, wannan kuwa shaida ce daga waje.

Sai dai wanda aka kora daga wata kasuwa ba tuba yake yi ba, kasuwa yake sauyawa. Da wuta ta yi zafi a Najeriya, kayan suka riƙa sauka a tashoshin maƙwabta suna shigowa ta barauniyar hanya, ko su tsaya can a sayar wa mutanen can. Shi ya sa a 2006 ta jawo hukumomin magani na ƙasashen Afirka ta Yamma suka kafa wata haɗaka don su riƙa sanar da juna. Akwai kuma tambayar da samame bai taɓa amsawa ba. A ƙauyen da kantin magani mai rajista yake tafiyar yini guda, mai tallan da ke zuwa ranar kasuwa da tire a ka ko akwati a bayan babur shi ne asibitin. Yana sayar da ƙwaya ɗaiɗai, yana ba da bashi, yana jin harshen mai ciwo. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma wanda ke da dala ashirin a hannu da yaro mai zazzaɓi a baya ba ado yake nema ba. In an kore mai tire ba a kawo wani abu a madadinsa ba, an bar uwar yaron da hannu biyu ne kawai.

Jarrabawa mafi ɗaci ta zo mata a watanninta na ƙarshe a ofis. A watan Nuwamba na 2008 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya, da na Legas da Ibadan, suka fara ganin jarirai ana kawo su da zazzaɓi da amai, sa'an nan fitsari ya ɗauke ɗif. Da aka bi diddigi sai aka tarar an ba su wani ruwan magani na fitar haƙori mai suna My Pikin. Yara 84 suka mutu. Maganin ba jabu ba ne. A Legas aka yi shi, kamfanin sananne ne, kuma yana da lambar rajista ta gaske. Iyayen da suka juya kwalin suka duba lamba sun ga lamba.

Abin da ya kashe yaran sinadari ne mai suna dayatilin gilaikol, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin tsohon maƙiyi ne. Ruwan maganin yara yana bukatar wani ruwa mai kauri da zaƙi wanda za a narkar da maganin a ciki, galibi gilisarin ko wani ɗan'uwansa. Dayatilin gilaikol yana kama da su ƙwarai: ba shi da launi, yana da kauri, yana da zaƙi, ga shi ya fi su araha, domin na masana'antu ne, irin wanda ake sa wa cikin man birki. In ya shiga jiki, hanta takan juya shi zuwa wasu sinadarai masu lalata ƙoda, cikin ƴan kwanaki yaro ya daina fitsari, dafi ya taru a jininsa. Dillali ɗaya da ya sauya takardar jikin duro ya isa ya jawo wannan, in mai masana'anta ya karɓi duron bai gwada ba. Haka ta faru a Legas: wurin wani mai sayar da sinadarai maras izini aka sayo kayan.

Duniya ta san wannan dafi tun 1937, lokacin da wani kamfani a Amurka ya narkar da maganin sulfa a cikinsa, ya ƙara masa ɗanɗanon ƴaƴan itace, ya sayar. Mutum fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara. Abin mamaki, dokar Amurka ta lokacin ba ta wajabta gwada magani kafin a sayar ba, saboda haka laifin da aka iya kama kamfanin da shi na sunan da ya rubuta a kwalba ne kawai. Wannan abin kunya ne ya haifi dokar 1938 wadda ta tilasta a tabbatar magani ba ya cutarwa kafin ya shiga kasuwa. A Najeriya ma dafin nan ne ya kashe yara 109 a Jos da Ibadan a 1990, cikin ruwan farasitamol, kuma wannan musiba tana cikin dalilan da suka sa aka kafa NAFDAC a 1993. Wato hukumar da aka haifa saboda wannan sinadari, shi ne ya dawo ya ratsa ta gabanta bayan shekara goma sha takwas, a hannun shugabar da ta fi kowa sa ido. Rajista shaida ce cewa samfurin da aka kai wa hukuma ranar neman izini yana da kyau. Ba ta ce komai a kan duron da aka sauke a masana'anta bayan shekara biyu da daddare ba.

An rufe masana'antar, an bi kantuna ana janye maganin. A 2013 wata babbar kotun tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. Ita kuwa Dora Akunyili ta bar hukumar a Disamba 2008 ta zama ministar watsa labarai a gwamnatin Umaru Musa Ƴar'aduwa, daga baya ta shiga siyasar neman kujera ba ta samu ba. Ta rasu a wani asibiti a Indiya ranar 7 ga Yuni 2014, bayan fama da ciwon daji.

Waɗanda suka gaje ta sun ƙara wa idon mai saye wani makami a 2010: wani ɗan fili a jikin kwali da ake kankarewa, a tura lambar da ke ƙarƙashinsa ta wayar salula, amsa ta dawo ko na gaske ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane magani goma da ake sayarwa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, ɗaya jabu ne ko maras inganci. A Janairu 2020 ƙasashe bakwai, cikinsu har da Nijar da Gana, suka haɗu a Lome suka ɗauki alkawarin mayar da fataucin jabun magani babban laifi a dokokinsu. A 2024 aka tilasta wa ƴan maganin Sabon Gari komawa sabuwar cibiyar sari da aka gina a Dangwauro, kan hanyar Zariya, inda jami'an hukuma ke da ofis a ciki.

Dafin mai zaƙi kuwa bai tafi ko'ina ba. A 2022 ya kashe yara kusan 70 a Gambiya ta cikin ruwan maganin tari da mura da aka shigo da shi daga Indiya, kuma da yake ƙasar ba ta da ɗakin gwajin magani nata, sai da aka aika da kwalaben ƙasashen waje kafin a san abin da ke kashe yaran. A 2023 ya ɓulla a Kamaru cikin wani maganin tari mai suna Naturcold. Iyakar abin da ƙa'ida ta yarda a samu na wannan sinadari shi ne kashi 0.1 cikin ɗari, amma gwaji ya nuna har kashi 28.6 a wasu kwalaben. Kwalin yana da kyau, an buga shi da launi, kuma yana ɗauke da sunan wani kamfani da aka ce a Ingila yake. Da aka tambayi hukumar magunguna ta Ingila, ta duba ta ce babu masana'anta mai wannan suna a ƙasarta.